Murhun Ɗumi na Lantarki: Wutar da Ta Sace Zuciyata

A yi mini dariya in an ga dama, amma cikin duk kayan lantarkin da suka shigo gidajenmu a 'yan shekarun nan, babu wanda ya burge ni kamar murhun ɗumi na lantarki. Na san abin da ke bakinku: a Lafiya? Garin da a watan Maris zafi ke kusantar digiri 40, fanka na juyawa gumi na zuba? E, a Lafiyar! Mu ba Jos ba ne, wannan gaskiya ne, amma duk wanda ya taɓa fita sallar asuba a Bukan Sidi ko Tudun Gwandara a ƙarshen Disamba ya san hunturu ba ya tsallake mu. Hazo ya lulluɓe gari, leɓe ya tsage, ruwan alwala sai an yi shahada, tsofaffi su takure cikin bargo har hantsi.

Gani ya kori ji. Akwati ne baƙi, mai faɗi, fuskarsa gilashi. A ciki an jera gumaguman itace na roba, an yi musu zanen ƙuna da tsagewar ɓawo, ƙarƙashinsu garwashi. Ka danna rimot, sai garwashin ya fara ja a hankali, ya yi haske ya lafa, ya sake haske, sannan harsunan wuta su miƙe ta bayan itacen suna lanƙwasa, wani dogo wani gajere, babu biyu da suka yi kama. Ranar da Inna ta fara ganinsa a falo, ta daɗe tana kallo kafin ta ce, "Kai, wannan wace irin wuta ce? Tun ɗazu take ci, itacen bai ragu ba." Na ce, "Inna, ku taɓa gilashin ku ji." Ta miƙa yatsa da ɗari-ɗari, ta taɓa, ta ji babu zafi, sai salati. Wallahi ko don wannan salatin kuɗina sun biya.

Dabarar kuwa ba ta da wuyar fahimta, abin da ya ƙara mini son abin ke nan. Ƙananan fitilun LED ne ke haska wani sanda mai ɓallayen ƙyalli, ƙaramin inji na juya shi sannu a hankali, hasken da ke tartsatsi daga jikinsa ya faɗa kan allon baya ya zama harshen wuta. Kamfanin Dimplex, na rukunin Glen Dimplex da Martin Naughton ya kafa a Ayalan a 1973, shi ya yi suna da wannan fasaha tun da ya fito da samfurin Optiflame a 1988. Yau masana'antun Sin sun cika kasuwa da nasu, wasu ma har da sauya launi, shuɗi ko kore. Ni dai ban ga abin da wuta za ta yi da kore ba, a bar mini ita ja da ruwan ɗorawa yadda Allah ya yi ta.

Ga abin da ya sa nake cewa kamar don mu aka ƙera shi: wutar da ido ke gani daban, ɗumin daban. Ɗumin daga wata hita yake fitowa, mai ƙaramar fanka a ciki, kuma makunninta daban ne. Makonnin sanyi ka kunna duka biyu, ɗaki ya yi ɗumi kafin shayi ya tafasa. Sauran watannin shekara ka kashe hitar, ka bar wutar tana rawa a bango, baƙo ya shigo ya rasa inda zai ajiye idonsa. A watan Afrilu, ana tsakiyar zafi, ga wuta na ci a falona kuma babu wanda ya ƙara ɗigon gumi. Ina aka taɓa yin haka?

Kada a ce na raina kasko. Da shi muka tashi, a gefensa muka sha tatsuniya, kuma har gobe buhunan gawayi na jere a bakin titi daga Akwanga zuwa Lafiya. Sai dai garwashin gawayi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, mutum ya ji ciwon kai da kasala, ya ɗauka barci ne, wani daga nan ba ya farkawa. Ga tartsatsi a kan katifa, ga jariri mai rarrafe. Murhun lantarki ba ya ƙona itace ko gawayi, don haka babu hayaƙi, babu toka, babu tari, silin ɗinka na nan fari tas.

To, wanda ya riga ya gina gidansa, ko ɗan haya, wanne zai ɗauka? Akwai wanda ake binnewa cikin bango, yana da kyau ƙwarai, amma sai an fasa bulo, an kira magini, an sake fenti, mai gidan haya kuma ba zai yarda ba. Akwai mai ƙafafu da ake ajiyewa a ƙasa, wanda za ka iya ɗauka daga falo zuwa ɗakin tsohuwa. Nawa shi ne na ratayewa: ramuka kaɗan a bango, ƙarfen rataya, kusoshi, shi ke nan, ko tayil ɗaya ba a taɓa ba. In a ƙarƙashin talabijin za ka sa shi, duba ta inda iskar ɗumin ke fita. Ka nemi mai hurowa ta gaba ko ta ƙasa, don mai hurowa ta sama zai riƙa gasa maka talabijin.

Sai maganar wuta, a nan ne ake gane mai son abin da gaske. Kafin ka miƙa kuɗi, juya bayan akwatin ka karanta. Wutar Najeriya bolt 230 ce, kayan Amurka kuwa an yi su ne don bolt 120, kuma cikin kayan gwanjo ana samun irinsu da araha mai jan hankali. Araha ba ta ado, ka bar shi a inda ka gan shi. Ka nemi mai filogi ƙafa uku da fiyus, mai matakin zafi biyu, galibi wat 1,000 da 2,000, mai kashe kansa in ya yi zafi fiye da kima. A wat 2,000 yana jan kusan amfiya 9, don haka soket ɗin bango kai tsaye yake so, ba doguwar wayar nan da aka riga aka cusa wa caja da dikoda ba. In wayoyin gidan sun tsufa, a kira mai gyaran wuta ya duba tukuna. Labule da kujera kuma su ba shi tazarar mita guda.

Lissafin mita a fili yake. Awa ɗaya a wat 2,000 yunit biyu ne. Tun da hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin Band A a Afrilun 2024, yunit ya haura naira 200 ga masu wannan layi, ke nan awa guda ta wuce naira 400. Wa ke buƙatarsa ya kwana a kunne? Kaɗan da asuba, kaɗan bayan isha, ya wadatar. Wutar kallo kuwa kusan kyauta ce: fitilar da ke cin wat 10 sai ta yi awa 100 kafin ta cinye yunit ɗaya. Ƙaramin janareta ba zai ɗauki hitar ba, batirin sola ma kada a wahalar da shi, amma wutar kallon ko inbata ƙarama ta riƙe ta. Kuma tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe babbar tashar rarraba wuta ta Akurba a Fabrairun 2022, wadda ta haɗa Lafiya da layin kilobolt 330, sha'awar irin waɗannan kaya ta daina zama mafarki a garin nan.

Abokin gabansa ɗaya ne, ƙurar hunturu. Tana shiga ramukan iskarsa, in ta taru sai ka ji ƙauri da zarar ka kunna hitar. A cire filogi, a share ramukan da burushi mai laushi, a goge gilashin da busasshen tsumma, ya dawo sabo fil.

Yanzu kuma idona ya faɗa kan wani samfurin Dimplex mai suna Opti-myst. Shi ruwa ake zuba masa a 'yar tanki, wata na'ura ta mayar da ruwan tururi mai sanyi, fitila ta haska shi daga ƙasa, sai ga harsunan wuta na tashi a sarari har da abin da ya yi kama da hayaƙi, ka zura hannu ciki ka fito da shi lafiya lau. Tsadarsa ta fi ƙarfin aljihuna a bana, amma na riga na auna bangon ɗakin baƙi, kuma na shiga adashi.