Jarumin da ba ya faɗuwa, mi za mu yi gardama a kansa?

Wanda bai ƙare karanta Solo Leveling ba ya tsallake wanga shafi, don zan fasa ƙwai.

Cikin hutun damina fadarmu ta Dogon Kiriya ta koma kamar kotu. Wani ɗan lise ya zo daga Dogon Dutsi da babobin labarin cikin wayarsa, fassarar faransanci, munka riƙa turawa juna. Kowane dare, tsakanin shayi na ɗaya da na uku, sai an yi hasashe: wane zai mutu, wane maci amana ne, wa ya ƙera abin da ke ba jarumin ƙarfi. Abin da na lura shi ne, gardamar ta yi zafi a farko, amma kafin mu kai ƙarshe ta mutu murus. Dalilin mutuwarta nake so mu duba.

Labarin na Koriya ta Kudu ne. Chugong ya rubuta shi a 2016, aka fara fitar da shi a zane a KakaoPage a 2018, ya ƙare a Disamban 2021 da babi 179. Mai zanen, Jang Sung-rak, ya rasu a 2022. An gina labarin kamar wasan kwamfuta: ƙofofi na buɗewa zuwa kogunan dodanni, maharba na shiga su kashe su, kowane maharbi da matsayinsa daga E har S.

Sung Jin-woo a E ya fara, ana masa kirarin mafi rauni cikin maharba. Uwarsa na kwance asibiti cikin wani barcin da ba a farkawa, ƙanwarsa na lekol, shi ke biyan komai. Yana shiga kogo ne don ba shi da wata sana'a, ya fito da rauni. Wa bai san irin wannan yaron ba a garinmu? Shi ya sa babobin haikalin gumaka suka kama mu. Gumakan dutse na kashe mutane, akwai dokoki uku da sai an warware su, Jin-woo ya rasa ƙafa, abokan tafiya suka bar shi. A nan hasashe yana da daɗi, don marubucin ya ba mu doka, ya kuma nuna mana cewa wanda ya kuskure zai biya da ransa. Mu ma muna warware kacici-kacicin tare da shi.

Daga nan wani Tsari ya zaɓe shi, shi kaɗai ke iya hawa mataki. Da farko ma akwai farashi: gudun kilomita 10 da motsa jiki kullum, in ya ƙi a jefa shi hamada cikin ƙwari masu dafi. Amma da ya samu rundunar inuwoyi, duk wanda ya kashe yana tashi ya zama baransa, sai lissafin ya lalace. Ku tuna yaƙin tsibirin Jeju. Sarkin tururuwa ya ragargaza manyan maharba, amma ba wanda ya ji tsoro a fadarmu. Wani ya ce, “Ku bari dai Jin-woo ya iso.” Ya iso, ya gama da shi, ya maida shi Beru. Tun daga ranan tambayarmu ta sauya daga “ko zai tsira?” zuwa “babi nawa zai ɗauka?” Wannan ƙidaya ce kawai, ba a yin gardama kanta.

Ƙarshen ya fi ba ni haushi. Shugaba Go Gun-hee ya mutu, uban Jin-woo ya mutu, mun ce to yau labarin ya yarda ya yi asara. Sai aka kawo ƙoƙon da ke maida lokaci baya, matattu suka dawo. Magoya bayansa cikinmu sun ce ai ya biya, tunda shi kaɗai ya yi yaƙin shekaru 27 kuma duniya ta manta da shi. Na yarda wannan hujja ce. Amma shekarun nan an gaya mana su ne a gurguje, mutuwar da munka yi baƙin cikinta kuwa an share ta gaban idonmu.

Ku gwada da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Shi ma Alhaji Imam neman ruwan magani ya fita, kamar yadda Jin-woo ya nemi ruwan da ya tashi uwarsa. Amma Alhaji yana da Malam Zurƙe, wanda yau ya sha kashi, gobe ya rama. Ba ka taɓa sanin wa zai yi dariya a garin gaba. Ko Gizo, in an fara tatsuniyarsa, yara ba su san ko zai ci ko zai sha dukan tsiya ba.

Ban ce kada a karanta Solo Leveling ba. Zanen ya haɗu, kuma ya iya yanke babi daidai inda zai hana ka barci. Damuwata da mu ce, masu rubutu. Na karanta gwaje-gwajen wasunmu: yaro maraya, zoben aljani, daga shafi na biyar ba mai iya taɓa shi. Alhali nan ƙasar Arewa muna da Lugu, inda Sarauniya ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a Afrilun 1899. Baka da kibiya ne gaban bindiga, garin ya faɗi, mutane suka mutu, ita ta janye cikin daji. Har yau ana gardama kan abin da ya faru, don an yi asara ta gaske.

In za ka ba jaruminka laya, faɗa mana abin da ke karya ta. In ka kashe wani, bar shi a kabari. Sannan ka kawo babi na farko fada, ka karanta, ka tsaya a tsakiya. In mutum biyu suka fara musu kan abin da zai biyo baya, ci gaba da rubutu. In duka suka ce sun sani, koma ka gyara.