Rawani a Fagen Diflomasiyya

Darussan hulɗar ƙasa da ƙasa da ake karantarwa a jami'o'inmu sun ginu ne bisa tunanin Turai: ƙasa da iyakarta, gwamnati da jakadanta, sai takunkumi ko bindiga idan magana ta ƙi ci. Da wannan awo ECOWAS ta tunkari juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Ta ba sojoji wa'adin mako guda su mai da Shugaba Mohamed Bazoum kan kujerarsa, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Jagoran juyin mulkin, Janar Tchiani, ko gezau.

Tawagar farko da ƙungiyar ta aika, wadda Janar Abdulsalami Abubakar ya jagoranta tare da Sarkin Musulmi, ta dawo ba ta ga Tchiani ba. Darajar rawani ba ta yi aiki ba ran nan, domin saƙon da ke hannunsu na masu barazana ne. Kwanaki kaɗan bayan haka Muhammadu Sanusi na Biyu ya isa Yamai a ƙashin kansa, Sarkin Damagaram na gefensa, aka buɗe masa ƙofa. Malamai suka biyo baya ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau, su ma suka zauna da Janar ɗin ido da ido. Sai bayan nan Abdulsalami ya koma, har ya ga Bazoum a inda yake tsare.

Abin da ya buɗe ƙofar ya girmi ƙasashen biyu. Sarautar Maraɗi reshen ta Katsina ce, Gobirawa suna Tsibiri kamar yadda suke Sabon Birni, almajirai da fatake da 'yan biki kuma kullum suna ƙetare iyakar da Ingila da Faransa suka shata. Warware rikici ta bakin malamai ma tsohon abu ne: wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Borno suka yi musaya kan halaccin yaƙi suna nan cikin littafin Infaƙul Maisuri.

Sai dai kada a yi wa hanyar kirarin da ya wuce ƙarfinta. Ta taimaka wajen sanyaya zancen yaƙi, wanda Majalisar Dattawan Najeriya ma ta ƙi amincewa da shi, amma ba ta fito da Bazoum ba, ba ta kuma hana Nijar ficewa daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso ba. Malami yana da kwarjini, amma ba shi da hurumin sa hannu a yarjejeniya, abin da aka faɗa masa a zaure kuwa babu mai bin diddiginsa.

Laifin da nake gani na gwamnatin Najeriya ne. Sai da aka tsare motocin kaya a Jibiya da Illela, magani da abinci suka yi tsada a Yamai, sannan aka tuna da masu rawani. Da su aka fara aikawa tun makon farko, ba da saƙon barazana ba, tare da ƙwararrun ma'aikatar harkokin waje masu rubuta abin da aka cimma, da wuya takunkumin ya kai Fabrairun 2024.