Kirarin Sarakunan Indiya a Jikin Dutse

A cikin ganuwar birnin Allahabad, wanda yanzu ake kira Prayagraj, akwai ginshiƙin dutse guda da sarakuna uku suka bar rubutu a jikinsa. Ashoka na daular Maurya ne ya fara, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Bayan shekara wajen 600 aka sassaƙa yabon Samudragupta na daular Gupta, sannan a 1605 Jahangir na daular Mughal ya ƙara jerin kakanninsa da Farisanci. Rubutun na tsakiya shi ne fitaccen misalin abin da Indiyawa ke kira prashasti, wato yabon sarki da ake tsarawa, galibi da harshen Sanskirit, a zana a dutse ko allon tagulla. Da irinsa masana suka gina kaso mai yawa na tarihin gidajen sarautar tsohuwar Indiya.

Wanda ya saba jin kirari a ƙofar fada zai gane tsarin nan take. A fara da asali da kakanni, a gangaro kan jarunta da garuruwan da aka ci, a ƙare da kyauta. Mai tsarawa kuwa ɗan gida ne. Harishena, wanda ya tsara na Samudragupta, babban bafade ne mai kula da harkar yaƙi da sulhu. Ya lissafa sarakuna 9 na arewa da ubangidansa ya tumɓuke, da 12 na kudu da ya kama ya sake su, ya kuma ce ya gagari kowa a kiɗa da waƙa. Ko faɗuwa ɗaya babu a ciki.

Shi ya sa wasu ke ganin bai kamata a dogara da maganar maroƙi ba. Zargin yana da tushe, amma watsar da rubutun gaba ɗaya asara ce, domin sau da yawa shaida daga waje kan zo ta mara masa baya. An samu tsabar zinariya ta Samudragupta da ke nuna shi zaune yana kaɗa vina, molon Indiyawa. A wani kogo a Nashik, uwar sarki Gautamiputra Satakarni na daular Satavahana ta sa an rubuta cewa ɗanta ya kawar da gidan Kshaharata. Da rubutun kaɗai ne, sai a ce ƙaunar uwa ce. Sai ga shi an tono sulallan azurfa fiye da 13,000 na Nahapana, sarkin wannan gida, a Jogalthambi kusa da Nashik, kuma mafi yawansu an buga tambarin Gautamiputra a kan na mai su.

Haka batun Aihole, a jihar Karnataka ta yau. A 634 mawaƙi Ravikirti ya rubuta a bangon wani haikalin mabiya Jain cewa Pulakeshin na Biyu, sarkin Chalukya, ya karya rundunar Harsha na Kanauj. Xuanzang, malamin addinin Buddha daga ƙasar Sin wanda ya yi baƙunci a fadar Harsha, ya tabbatar da cewa Harsha ya kasa murƙushe ƙasar Pulakeshin. Ravikirti bai tsaya ga ubangidansa ba, ya jera kansa da manyan mawaƙa Kalidasa da Bharavi, kuma wannan alfahari nasa ya zame wa masana hujja cewa su biyun sun yi suna kafin wannan shekara. Wajen 642 kuma Narasimhavarman na daular Pallava ya ci Vatapi, babban birnin Pulakeshin. Labarin wannan a bakin maroƙan Pallava ake jin sa.

Abin da ya fi daraja a prashasti sau da yawa shi ne wanda ya shigo ta gefe. A wani dutse a Junagadh, jihar Gujarat, sarki Rudradaman ya sa an rubuta yabonsa wajen shekara ta 150 bayan ya gyara madatsar tafkin Sudarshana da ambaliya ta fasa. Burinsa a san cewa daga baitulmalinsa ya yi aikin, bai aza haraji ba, bai sa aikin tilas ba. Garin faɗin haka ya ambaci cewa a zamanin Chandragupta Maurya aka gina tafkin, a zamanin Ashoka aka ja magudanansa. Bayan shekara wajen 300 madatsar ta sake fashewa, aka sake gyara ta, yabon sarki Skandagupta na daular Gupta ya hau dutsen. Tarihin ruwan noma na kusan shekara 800 ke nan a wuri ɗaya. Abin takaici, an adana sunayen gwamnoni, an bar waɗanda suka ɗauki ƙasa da duwatsu ba suna.

Akan ware Ashoka a ce shi daban ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Da harshen Prakrit ya yi yawancin rubutunsa, da muryar kansa, kuma a sanarwarsa ta 13 ya bayyana nadama kan yaƙin Kalinga, inda ya ce an kashe mutum 100,000, an kwashe 150,000. Da wuya a sami sarkin da ya faɗi haka game da nasararsa. Sai dai a Dhauli da Jaugada, cikin ƙasar Kalinga kanta, ba a sassaƙa wannan sanarwa ba. An maye gurbinta da umarni ga jami'ai su yi wa jama'a adalci. Ko mai nadamar ma ya zaɓi waɗanda za su ji ta.

Don haka duk jerin daulolin Indiya da mai karatu ya gani a littafi, Maurya da Satavahana da Gupta da Chalukya, ya tuna cewa kaso mai yawa a cikinsa daga fada ya fito. Ya dace ya tambayi wa ya tsara rubutun, wa ya biya shi, a ina aka kafa shi, da kuma abin da sulalla da baƙi da abokan gaba suka ce.