Jinjina ga Masu Ratsa Baƙin Daji a Kan Keke

Lalle duk wanda ya ga matafiyan nan masu ɗaure guzurinsu a bayan keke, su ratsa Baƙin Daji na ƙasar Jamus, inda tsaunin Feldberg ya kai mita 1,493, alhali iskar yamma tana tokare musu ƙirji tun hantsi har la'asar sakaliya, ya san haƙurinsu ba na fatar baki ba ne. Sannu-sannu suke hawa, wani yana fakewa a bayan ɗan'uwansa, sa'an nan su yi musanya bisa adalci. Abin ta'ajibi kuwa, a nan yankin Baden ne Karl Drais, ma'aikacin gandun daji, ya ƙago kakan keken a 1817, wanda da ƙafa ake tura shi.