A Mina, Wa Ke Riƙe da Muciya?

Tun bayan gobarar Afrilun 1997, wadda ta ci rayukan alhazai sama da 300, Saudiyya ta hana kunna tukunyar gas a tantunan Mina, ta kuma kafa tantunan da wuta ba ta ci. Ban ga mai hankalin da zai ja da wannan ba. Sai dai tun daga lokacin cikin alhaji ya koma hannun 'yan kwangila, kuma nan nake da magana.

Daga 8 ga Zulhajji har a gama jifa, abinci a kwali yake zuwa: shinkafa, cinyar kaza, lemo, ruwan gora. Dattijon da ya shekara sittin bai kwana ba tuwo ba zai buɗe, ya jujjuya, ya rufe. Can sai ka ga hajiya ta kwance ƙullin yaji da kilishi daga bakin zane, ana miƙa wa juna: "Alhaji, barbaɗa wannan ko ya shiga." Matasa kuwa sun bi rana zuwa layin Albaik, gidan kazar nan da aka kafa a Jidda a 1974, mai buɗe rassa a Mina lokacin Hajji kawai. Kazar da daɗi, ba musu, amma ba ita za ta riƙe tsoho zuwa Jamrat da dawowa ba.

Masu iya tuƙin suna nan. Matan Hausawa mazauna Makka sun daɗe suna sayar da tuwo da miyar kuka da koko a gefen masaukan alhazai, ido ɗaya kan kula, ɗaya kan askar, wato jami'an tsaron Saudiyya. Me zai hana hukumar alhazan Najeriya, NAHCON, ta sa sharaɗi a kwangila cewa a ɗauki irinsu aiki a ɗakunan girki masu lasisi? Indonesiya har kayan miyarta take aikawa Saudiyya don a dafa wa alhazanta.

Abin da ke ba ni haushi, a Jidda da Riyad yanzu mutane na biyan riyal masu kauri a gidajen abincin Koriya don cin kimci, kabejin da aka bari ya yi tsami. Mu kuwa daddawa sai an naɗe ta leda uku an cusa ƙasan jaka, kamar kayan sata. A sa ta a takardar kwangila, da kuka da kuɓewa busasshiya, a faɗi buhu nawa.