Fasali a kan Littattafan Birnin Kano da Mizanin Auna Su

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa mai karatu, gari kamar mutum ya ke, yana da fuskar da ya ke tarbar baƙo da ita, yana kuma da cikin gidan da ya ke sakaya wa asabari. Birnin Kano an fi shekara 500 ana talifi a kansa, da Larabci da Ajami da Boko da harsunan Turawa, wani nasiha, wani tarihi, wani waƙa, wani labarin tafiya, wani kuwa ƙagaggen labari. Nufina in jera shida daga cikinsu in ɗora su a mizani guda, watau in duba ko mawallafi ya gaya wa Kano gaskiyarta, ko kuwa kirari ya yi mata ya wuce. Kirari ba ya wuya, maroƙi ma yana yinsa a sa masa riga. Abin da ke da wuya shi ne a dubi garin da ake kira tumbin giwa a nuna masa inda ya yi kuskure, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Fasali na farko, littafin nasiha

Mafi daɗewa a cikinsu shi ne Tajuddini, wanda Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, mutumin Tilimsan, ya rubuta domin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ɗan ƙaramin littafi ne mai babi takwas. Ya fara da kyautata niyya, ya bi ta kan kamalar sarki da tsara ma'aikatansa da tsaron kansa da binciken al'amura da adalci a hukunci, ya ƙare da inda ya halatta a karɓi dukiya da inda ya kamata a kashe ta. Gargaɗin da ya ke ta maimaitawa guda ne, kada sarki ya shiga lulluɓi ya ɓuya wa talakawansa, domin daga nan ɓarna ke farawa.

Falalar wannan littafi ita ce baƙo ne ya rubuta shi, yana cin abincin sarki, amma bai yi fadanci ba. Ya ɗauki sarauta a matsayin amana mai hisabi, ya faɗa wa mai riƙe da ita haka. Saboda wannan ne littafin bai tsufa ba, har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ɗebo daga gare shi sa'ad da ya zauna Kano wajen 1807 ya rubuta wa mutanenta Liya'ul Hukkami. Aibinsa kuwa, Kano kanta ba ta bayyana a ciki. Ba ka jin ƙamshin kasuwa, ba ka ganin unguwa, talaka kuma magana ake yi a kansa, ba a jin tasa. Da an goge sunan wanda aka rubuta wa, sai a kai wa kowane sarki na kowace ƙasa. Littafin awo ne da aka ajiye wa garin, sai mu ga yadda sauran suka auna da shi.

Fasali na biyu, littafin tarihi

Sa'an nan Tarihin Kano, wanda aka tsara da Larabci a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. Mawallafinsa bai sa sunansa ba. Ya jera sarakuna 48 tun daga Bagauda, bayan ya ba da labarin Barbushe da tsafin Tsumburbura a gindin Dala. Wani Bature mai suna Fama ya juya shi da Ingilishi a 1908, aka kuma fitar da shi da Hausar Boko a Zariya cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Daga gare shi jama'a suka san zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Yaji, da abubuwa goma sha biyu da Rumfa ya ƙago, cikinsu har da gidan sarauta da Kasuwar Kurmi da kakaki da figini.

Wanda bai karanta shi ba yakan zaci jerin yabon sarakuna ne, to ba haka ya ke ba. Duba abin da ya yi da Muhammadu Sharefa, wanda ya hau a 1703. Ya lissafa hanyoyi bakwai da sarkin ya ƙago na tatsar jama'a, har da kuɗin da ake karɓa a kan budurwa in za ta yi aure, ya kuma kira su da sunansu, watau ƙwace. Duba kuma ɗansa Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743. Ya yaba jaruntakarsa da kyautarsa, kana ya faɗi cewa harajinsa ya kusa kashe Kasuwar Kurmi, ya karɓi jiziya har a kan malamai, Larabawa suka tashi suka koma Katsina, talakawa suka watse ƙauyuka. A nan mai karatu zai ga abin da Almagili ya yi gargaɗi a kansa ya auku, ya kuma ga sanadinsa. Sarki mai yawan yaƙi yana bukatar dawaki da bindigogi da sarakunan yaƙi masu jiran kyauta, kuɗin kuwa daga kasuwa za su fito, fatake kuma ƙafa gare su. Wannan shi ne wuri mafi daraja a littafin, domin ya nuna cewa kyautar sarki ga fadawansa daga aljihun wani ta fito.

Amma fa mizani ba ya ƙarya. Harshen mawallafin ya fi kaifi a kan sarakunan Haɓe waɗanda gidansu ya riga ya faɗi, ya fi laushi a kan gidan da ke mulki sa'ad da ya ke rubutu. Faɗin aibin wanda ba ya da magaji a gadon sarauta rabin jaruntaka ne. Bayan wannan, idonsa daga fada ya ke kallo. Mace ba kasafai ta ke shiga labari ba sai in uwar sarki ce, kamar Auwa uwar Abdullahi ɗan Rumfa. Ya ambaci cewa Rumfa ne ya fara kulle, ya wuce a taƙaice, bai leƙa ya ga yadda waɗanda aka kulle su ke ba. Ka riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Fasali na uku, waƙa

Waƙar Bagauda, wadda aka rubuta da Ajami, ita ma jerin sarakunan Kano ce da shekarun kowane, amma manufarta dabam. Ta nuna Bagauda a matsayin wanda ya sari daji ya yi gona, mutane suka taru gare shi saboda abinci a lokacin yunwa, watau ta kafa garin a kan fartanya. Sa'an nan ta yi ta ƙirga sarakuna ɗaya bayan ɗaya domin mai saurare ya gane ba wanda ya dawwama. Mai neman daidaiton shekaru kada ya dogara da ita, lissafinta ya saɓa da na Tarihin Kano a wurare da dama. Fa'idarta ita ce ta daidaita mai shekara guda a gado da mai shekara talatin, duka ta kai su kushewa. Sai dai wa'azin da ya game kowa ba ya nuna wane ne ya yi zalunci, wane ne ya yi adalci, azzalumi yana iya sauraronta ya yi kuka ya tashi ya ci gaba.

Fasali na huɗu, labarin baƙo

Na huɗu littafin tafiye-tafiyen Barta ne, Bajamushen da gwamnatin Ingila ta aiko, wanda ya kira kansa Abdulkarimu. Ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851, littafinsa ya fito juzu'i biyar a 1857 da 1858. Ya kimanta mazaunan birnin 30,000, ya ce sukan ninka lokacin da ayari ke sauka. Ya bi sawun turkuɗi da sauran tufafin Kano har Tambutu da Gat da Tarabulus, ya yaba da cewa saƙa da rini a gidaje ake yinsu, iyali suna tare, ba irin masana'antun Turai ba. Abin da ɗan gari ya saba gani har ya daina gani, baƙo ya rubuta shi: marina, da rumfunan kasuwa, da ƙazantar ruwan Jakara, da bayi a jere da yunwa da tsiraici suna jiran mai saye.

Wannan na ƙarshe shi ne bashin da muke ɗauke da shi ga littafin, domin Tarihin Kano yakan ƙirga bayi ne kamar yadda ake ƙirga ganima, Barta kuwa ya sa mu dubi fuskokinsu. Aibinsa shi ne idon ɗan kasuwa gare shi, komai sai ya mayar da shi wuri ya lissafa, domin waɗanda suka aiko shi hanyar ciniki su ke nema. Daga kan doki ya ga Kano, ya ga mai yawa, amma abin da ake faɗa bayan an rufe ƙofa bai kai kunnensa ba.

Fasali na biyar, littafin ɗan gida

A 1958 aka buga Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji. Hausarsa tsabtatacciya ce, ya sauko da tarihin garin daga taskar masu Larabci zuwa hannun 'yan makaranta, wannan kuwa aiki ne da ya cancanci godiya. Amma sunan littafin kansa kirari ne, mawallafinsa kuma babba ne a fadar da ya ke ba da labarinta. A shekarun nan ne jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta ke kukan talakawa a kan haraji da aikin tilas da bulalar dogarai. Mai neman wannan murya ba a wannan littafi zai neme ta ba. A karanta shi domin sanin abin da fada ke so a tuna, a haɗa shi da waninsa kafin a yanke hukunci.

Fasali na shida, littafin cikin gida

Yanzu mu komo ga ƙofar da Tarihin Kano ya rufe. A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kwikwiyo Ne, ɗaya daga littattafan da masu raini suka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano. Labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara, matar Alhaji Abdu ɗan kasuwa, wanda ke ƙuntata wa gida cefane yana kashewa a waje, ya auro Delu, rigima ta tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci ta riƙe su. 'Yarta Saudatu ta auri mai wadata, gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, daga ƙarshe maza suka taru suka matsa wa Rabi ta koma gidan wanda ya wulaƙanta ta.

Ka lura, ya ɗan'uwa, tambayar wannan littafi ita ce tambayar Tajuddini, an dai sauko da ita daga soron sarki zuwa tsakar gida. Maigida shi ne sarkin gidansa, ana tambayarsa ina ya samo, ina ya kashe, wa ya saurara kafin ya yanke hukunci. Abin da Kumbari ya yi wa Kasuwar Kurmi shi Alhaji Abdu ya yi wa ɗakin Rabi. Bambancin shi ne wannan karon wadda aka yi wa ce ke da baki. Kimanin shekara 500 ke nan tsakanin Rumfa da wannan littafi. Malam Aliyu Kamal ya juya shi da Ingilishi, aka buga a Indiya a 2012.

Ba na ɓoye rauninsa. Sakayya ta zo da gaggawa ta hanyar gobara, ceto kuma ya zo ta hanyar suruki mai kuɗi, alhali mafi yawan zawarawan birni ba su ga ko ɗaya daga cikin biyun ba. Yarinya tana iya karantawa ta ɗauka maganin mugun miji shi ne miji mai dukiya. Delu ma an zana ta baƙa ƙirin, ba a tambayi abin da ya kai ta inda ta ke ba. Amma ƙarshen labarin ya fanshi wannan, domin komawar Rabi ba ta da daɗi a bakin mai karatu, kuma da gangan aka bar ɗacin.

Hatima

To, ga abin da mizani ya nuna. Littattafan nan shida ba wanda ya ɗauke Kano shi kaɗai. Biyu ne suka fi nauyi, Tarihin Kano a inda ya kira ƙwace da sunansa, da Alhaki Kwikwiyo Ne a inda ya buɗe ɗakin da aka rufe. Na farko malamai suna girmama shi, na biyun kuwa irinsa ne aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta aka ƙona a bainar jama'a a Kano a 2007, da hujjar suna ɓata tarbiyya. Lalle a cikin littattafan kasuwa akwai shirme da batsa, kuma tsare yara wajibi ne. Amma wuta ba ta karatu, ba ta rarrabe mai ɓata yarinya da mai kai ƙarar ubanta. Aikin mai ilimi shi ne ya karanta, ya ware, ya faɗi hujjarsa. Wanda ya yarda a faɗi laifin Sharefa domin ya mutu tun 1731, ya ƙi a faɗi laifin maigidan da ke raye, to shirun matattu ne ya yi masa daɗi. Ka karanta su duka, ya kai ɗan'uwa, ka fara da wanda ka fi jin nauyin buɗewa.

Tamat.