Me Ya Sa Waƙar Shata Ta Sarkin Daura Ba Ta Tsufa?

Mai karatu, in kana cikin masu son kiɗa mai nauyi, irin wanda ke dukan ƙirji kafin ya shiga kunne, to ka nemo kaset ɗin waƙar da Mamman Shata ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Ka ƙure ƙarar rediyo, don ba waƙar ji a ɓoye ba ce.

Sirrin yana wajen kalangu. Makaɗi ya matse shi a hammata, fata ta ɗaga murya, ya sassauta ta sauke, har ka rantse magana take yi. 'Yan amshi kuwa abu ɗaya suke ta nanatawa ba gajiya, shi kuma Shata yana hawa kansa yana sauka yadda ya ga dama, sai ka ce mahayi ranar hawan sallah. Fiyanon da ya mamaye finafinanmu tun zamanin Sangaya bai iya wannan ba. An danna maɓalli, kiɗa ya miƙe sak, ba ya jiran mawaƙi, balle ya yi gardama da shi.

Akwai abin kushewa, ba zan ɓoye maka ba. Ɗaukar sautin ta da ce, kuma wanda ya saba da waƙar minti biyar zai ƙosa. Amma don Allah masu ɗora wa tsofaffin waƙoƙi kiɗan kwamfuta su ƙyale wannan. In aka cire kalangun, wallahi rabin yabon ya tafi.

Yabon ma ba na neman kuɗi kawai ba ne. Da Shata ya rasu a 1999, Daura aka kai shi aka binne, garin ubangidansa, wanda ya hau gadon sarauta a 1966, shi ma ya rasu a 2007.